DARASI GA SAMARI: IDAN ƊAN TAKARARKA YA FAƊI ZAƁE

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi sunnarsa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa samari, wannan darasi naku ne, domin ku ne ake ɗora wa wahalar zaɓe. Ku ne masu liƙa fosta da tsakar dare, ku ne masu bin motar lasifika ƙauye-ƙauye, ku ne masu tsayuwa a rumfar zaɓe tun hantsi har a ƙirga ƙuri'a da fitila. To, idan aka faɗi sakamako, ɗan takararku bai kai ba, ku ɗin ne kuma abin ya fi ci wa rai. Za ka ga saurayi ya kwana uku abinci bai wuce masa ba. Wani ya daina zuwa masallacin unguwa don ladan ɗan wata jam'iyya ne. Wani ya rufe shagonsa yana kwance, waya a hannu, yana zagin mutanen da bai taɓa gani ba. Wani kuwa, Allah Ya kiyaye, ya ɗauki gora da jarkar fetur. Wannan hali shi muke so mu auna da Alkur'ani da Sunna.

Da farko ku sani, jin zafi ba zunubi ba ne. Annabi Yaƙubu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusufu har idanunsa suka yi fari, Allah kuwa bai zarge shi ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Shari'a ba ta kama mutum da abin da ya sauka a zuciyarsa ba da zaɓinsa ba. Abin da take kama shi da shi, shi ne abin da harshe ya furta da abin da hannu ya aikata bayan zafin ya sauka. Saboda haka kada wanda abin bai dame shi ba ya riƙa yi wa ɗan'uwansa gorin raunin imani don ya gan shi a cikin damuwa.

ABIN DA YA FARU A UHUDU

Babu inda Musulmi zai koyi yadda ake ɗaukar rashin nasara kamar Uhudu. Amma kafin mu shiga, ga wani kashedi: zaɓe ba jihadi ba ne, wanda ya kayar da ɗan takararka kuma ba Abu Jahali ba ne. Sau da yawa Musulmi ne kamarka, a sahu ɗaya kuke salla; wani lokaci kuma maƙwabci ne Kirista wanda yake da haƙƙin maƙwabtaka da amana a kanka. Muna kawo Uhudu ne don mu ga halin zuciya, cewa idan a babban al'amari irin wannan haka aka umarci sahabbai su yi, to ina ga kujerar kansila?

A watan Shawwal na shekara ta 3 bayan hijira Ƙuraishawa suka taso da mayaƙa 3,000. Manzon Allah ya yi shawara da sahabbansa. Ra'ayinsa shi ne a zauna cikin Madina a tare su a can. Samari kuwa, musamman waɗanda Badar ta wuce su, suka matsa a fita fili. Aka bi ra'ayinsu. Aka fita da mutum 1,000, a hanya Abdullahi ɗan Ubayyu ya janye da 300, saura 700. Annabi ya ajiye maharba 50 a kan wani tudu ƙarƙashin Abdullahi ɗan Jubairu, ya hane su sauka ko da me suka gani. Da farko nasara ta samu. Da mafi yawan maharban suka hango ganima sai suka sauko, Halidu ɗan Walidu, wanda a lokacin bai musulunta ba, ya kewayo da dawaki ta baya. A ranar aka kashe Musulmi 70, cikinsu har da Hamza baffan Annabi da Mus'abu ɗan Umairu. Aka karya wa Annabi haƙori, aka ji masa rauni a fuska, har ji-ta-ji-ta ta bazu cewa an kashe shi.

To, me ya biyo baya? Ayoyi wajen 60 na Suratu Ali Imrana sun sauka a kan wannan rana, ya kamata kowane saurayi ya sami malami ya karanta masa tafsirinsu. Za ku ga Allah bai ce musu su ɗora laifi a kan makircin abokan gaba kaɗai ba, bai kuma tsaya a kan munafukan da suka janye ba. Ya nuna musu nasu kason: saɓa umarni, da jayayya a tsakaninsu, da son abin duniya da ya shiga zukatan wasu. Sa'an nan a cikin ayoyin nan dai Ya sanar da su Ya yafe musu, Ya hana su karaya. Abin da ya fi ba da mamaki, Ya umarci Annabinsa ya yafe musu, ya nema musu gafara, ya ci gaba da yin shawara da su, alhali shawarar samarin ce ta fitar da su filin da aka sha wuyar. Ku kwatanta wannan da abin da ke faruwa a ofishin jam'iyya kwana ɗaya bayan faɗuwa: kowa na nuna kowa da yatsa, wane ya ci kuɗin ejan, wane ya sayar da mu, wane ɗan leƙen asiri ne. Abokan shekara goma sai su rabu a dare ɗaya.

Akwai wani abu kuma da ba a cika faɗa ba. A tsakiyar firgicin nan Allah Ya saukar wa muminai gyangyaɗi don zukatansu su natsu. Buhari ya ruwaito cewa Abu Ɗalha yana cikin waɗanda barcin ya ɗauka, har takobinsa ya riƙa faɗuwa daga hannunsa yana ɗauka. Wani ɓangare kuwa, waɗanda kawunansu kaɗai suka dame su, barci ya ƙaurace musu, suna ta munana zato ga Allah. Ashe iya runtsawa bayan an sha kashi ni'ima ce, tana kuma da alaƙa da inda mutum ya rataya zuciyarsa.

Washegari, da raunukansu a jiki, Annabi ya kira waɗanda suka halarci Uhudu suka fita zuwa Hamra'ul Asad, wajen mil 8 daga Madina. Ba a ba su wata guda na zaman makoki ba. Shekara 5 bayan haka kuma, a shekara ta 8, Halidu ɗin nan da ya kewaye su ya zo Madina ya musulunta, ya zama takobin Musulunci. Da sahabbai sun ɗauki gabar Uhudu ta zama ta har abada, da ba su karɓe shi ba.

TAMBAYI KANKA: ME KA RASA?

Ɗan'uwa, ka zauna kai kaɗai bayan sallar asuba ka yi wa kanka wannan tambaya, kada ka yaudari kanka. Idan abin da ya sa ka bi mutumin nan shi ne kana ganin ya fi amana, zai gyara makaranta da asibiti, zai tsare dukiyar jama'a, to ladan niyyarka da wahalarka yana nan a rubuce, hukumar zaɓe ba ta da ikon soke shi. Kai aikinka shi ne riƙon sababi, ka kuwa riƙa. Bayar da mulki ba ya hannunka, ba ya hannun ɗan takararka.

In kuwa gaskiyar magana ita ce an yi maka alkawarin babur, ko ɗaukar aiki, ko kujerar Makka, ko 'yar kwangilar kwalbati, to ka kira abin da sunansa. Arziki kake wa kuka, arziki kuwa ba a cikin akwatin zaɓe aka ajiye shi ba. Mutum nawa ɗan takararsu ya ci, suka yi ta sintiri a ƙofar gidansa shekara huɗu, mai gadi bai bar su sun wuce dakali ba? Je ka tambaye su, suna nan a kowace unguwa.

Wani kuwa ba wannan ba ne, kunya ce kawai. Ya cika baki a majalisa, ya yi rantsuwa, ya rubuta a Facebook cewa an gama, yanzu yana jin nauyin fita. Wannan maganinsa mai sauƙi ne: ka fita, ka yi sallama, a yi maka dariyar kwana biyu ta wuce. In ka yi rantsuwa da Allah a kan wani abu da za ka aikata ko za ka bari in an faɗi, ka tambayi malami hukuncin kaffararta. Wanda kuma ya sa matarsa a cikin rantsuwar, cewa in wane bai ci ba ya sake ta, wannan ya yi wasa da iyakokin Allah, lalle ya gaggauta zuwa wurin malami ko alƙali kafin ya koma ɗakinta.

Ku kiyayi kalmar "da". Da mun tsayar da wane, da an raba kuɗi da wuri, da ba a yi ruwa ba. Muslim ya ruwaito hadisi daga Abu Huraira wanda a cikinsa Annabi ya kwaɗaitar da mumini ga abin da zai amfane shi da neman taimakon Allah, ya kuma hana shi wannan "da" ɗin bayan abu ya auku, domin ƙofa ce ta aikin Shaiɗan. Akwai bambanci tsakanin wanda ya zauna da 'yan'uwansa suka duba a wace mazaɓa suka yi sakaci don su gyara gaba, da wanda yake juyi a kan katifa yana sake ƙirga ƙuri'ar da aka riga aka ƙirga. Na farko yana yin irin bitar da aka yi wa sahabbai bayan Uhudu. Na biyu hawan jini yake nema wa kansa.

A nan dole mu taɓo wata ɓarna da ta fi faɗuwa zaɓen muni. Lokacin zaɓe kasuwar bokaye da 'yan tsibbu ke ci. An buga ƙasa, an ce an gani a mafarki, an yanka baƙin sa an binne, an ba yara layu su kai rumfar zaɓe. Duk 'yan takara biyar an ce musu su ne za su ci, kujera kuwa ɗaya ce. Wanda ya faɗi sai bokan ya ce ai an karya sharaɗi, a ƙaro kuɗi a tura wa wancan asiri kafin rantsarwa. Ya kai ɗan'uwa, gaibu Allah kaɗai Ya san shi. Ya tabbata a hadisin Muslim cewa wanda ya je wurin mai duba ya tambaye shi wani abu, ba a karɓar sallarsa ta dare 40. In an aike ka irin wannan wuri a lokacin yaƙin neman zaɓe, to ka sami abin da ya cancanci ka yi wa baƙin ciki, ka tuba tun yau.

"AI MAGUƊI AKA YI MANA"

Wannan ita ce maganar da ta fi yawa, kuma ba za mu ce kullum ƙarya ce ba. Ana maguɗi. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa da bakinsa ya yarda cewa zaɓen 2007 da ya kawo shi yana da naƙasa, har ya kafa kwamitin gyaran zaɓe ƙarƙashin Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais. Wanda ya saci ƙuri'a ya ci amana, wanda ya sa hannu a takardar sakamakon ƙarya ya yi shaidar zur, dukansu kuma za su tsaya gaban Allah.

Amma zalunci ba ya halatta maka zalunci. Hanyar da doka ta ajiye ita ce kotun zaɓe: ana shigar da ƙara cikin kwana 21 daga ranar da aka bayyana sakamako, kotun kuma tana da kwana 180 ta yanke hukunci. Akwai waɗanda suka karɓo kujerunsu ta wannan hanya, kamar Peter Obi a Anambra a 2006, da Adams Oshiomhole a Edo a 2008. A Kano ma, zaɓen gwamna na 2023 sai da ya kai Kotun Ƙoli, ta yanke hukunci a watan Janairu na 2024. Kotu kuwa hujja take nema. Saurayin da ya tsare kwafin takardar sakamakon rumfarsa ya fi amfani ga ɗan takararsa sau dubu a kan wanda ya ƙona taya a titi. In an je kotun ba a sami gaskiya ba, wannan ma yana faruwa, to akwai ranar da ba a sayen alƙali.

Ku tuna da watan Afrilu na 2011. Da aka fara bayyana sakamakon zaɓen shugaban ƙasa, tarzoma ta ɓarke a jihohi 12 na Arewa. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta cewa cikin kwana 3 an kashe mutum sama da 800, wajen 65,000 suka rasa matsuguni. An ƙone majami'u, an ƙone masallatai. A Bauci an kashe 'yan hidimar ƙasa 10, yaran mutane waɗanda aikin zaɓe kawai aka turo su. A kudancin Kaduna, wuraren Zonkwa da Kafanchan, an kashe Musulmi masu ɗimbin yawa waɗanda ba su ji ba su gani ba. To, bayan shekara 4, a 2015, marigayi Muhammadu Buhari, wanda ya faɗi a 2003 da 2007 da 2011, ya ci zaɓe, Goodluck Jonathan ya buga masa waya ya taya shi murna. Kujerar da aka zubar da jini dominta ta zo da ƙuri'a, a lokacin da Allah Ya ƙaddara. Waɗanda aka kashe kuwa ba su dawo ba, jininsu yana nan a wuyan wanda ya zubar. Ya kuwa tabbata a Buhari da Muslim cewa jini shi ne farkon abin da za a yi wa hukunci tsakanin mutane ranar alƙiyama.

Sa'an nan ku lura da manyan da kuke yi dominsu. A 2013 jam'iyyun da suka yi ta sukar juna suka haɗe suka zama APC, gwamnoni 5 na PDP suka koma cikinta. Tun daga nan kuma sauya sheƙa bai tsaya ba. Su suna haɗuwa a ɗaurin auren 'ya'yansu suna rungumar juna, kai kuwa ka daina gaida ƙanin mahaifinka saboda hular da yake sawa. Shari'a ba ta yarda Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana 3 ba, balle yanke zumunta. Mafi muni shi ne wanda fushi ya kai shi ga kafirta waɗanda suka zaɓi wancan ɓangare, ko ya ce duk malamin da bai goyi bayan ɗan takararsa ba an saye shi. Kalmar kafirci in an jefa ta ba ta faɗuwa ƙasa, in ba ta dace da wanda aka jefa ba tana komowa kan mai jifa.

MAGABATA DA SHUGABANCI

Da aka soki Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, a ƙarshen shekara ta 23, ya bar al'amarin ga mutum 6: Usman, Ali, Ɗalha, Zubairu, Sa'adu da Abdurrahman ɗan Aufu. Abdurrahman ya cire kansa, ya yi kwanaki yana jin ra'ayin mutanen Madina, sa'an nan ya yi wa Usman mubaya'a. Sayyidina Ali, da dukan matsayinsa, ya miƙa hannu ya yi mubaya'a, bai tara samarin Banu Hashim ba. Ɗansa Hasan kuwa, a shekara ta 41, yana da runduna a bayansa, ya sauka ya bar wa Mu'awiya don a tsare jinin Musulmi, har aka kira shekarar da shekarar haɗin kai. Halidu ɗan Walidu ma Umar ya sauke shi daga shugabancin runduna yana kan ganiyar nasara a Sham, ya ci gaba da yaƙi a ƙarƙashin Abu Ubaida. Abu Zarri ya taɓa roƙon Annabi ya ba shi wani muƙami, Annabi ya nuna masa cewa yana da rauni, abin kuma amana ce da ke zama nadama ranar alƙiyama ga wanda bai sauke haƙƙinta ba. Wa ya sani, watakila faɗuwar nan rahama ce ga ɗan takararka, da kai kanka da za ka zama mai riƙe masa jaka.

A ƙasarmu ma an gani. Malam Aminu Kano ya faɗi zaɓen majalisar tarayya na 1954, ya tsaya takarar shugaban ƙasa a PRP a 1979 Alhaji Shehu Shagari ya ci, ya rasu a watan Afrilu na 1983 bai taɓa zama shugaban ƙasa ko gwamna ba. Duk da haka sunansa ne a filin jirgin saman Kano da babban asibitin koyarwa na birnin. Ba wai muna kiran ku zuwa ga wata jam'iyya ba ne, misali ne kawai na wanda faɗuwa ba ta sa shi ajiye aiki ba.

ABIN YI A MAKON FARKO

In fushi ya taso, ka nemi tsarin Allah daga Shaiɗan, ka yi shiru. In kana tsaye ka zauna, in bai tafi ba ka kishingiɗa. Ka ajiye wayar nan. Wallahi mafi yawan wutar da ke cin zukatanku daga cikinta take fitowa: hoton da ba a san asalinsa ba, muryar da ba a san mai ita ba, kowa na turawa ba tare da bincike ba, alhali an umarce mu da tantance labari kafin mu yi aiki da shi. Ka koma sahun farko a masallacin da ka saba, ko da wanda zai tsaya kusa da kai shi ne ejan ɗin wancan ɓangare, ka kuma riga shi yin sallama. Ka buɗe shagonka, ka koma garejinka ko ajinka ko gonarka. Bashin da ka ci lokacin yaƙin neman zaɓe ba ɗan takara ne zai biya ba, ka je wurin mai shi ku tsara yadda za ka biya.

Kada wani ya miƙo maka ƙwaya ko kwalbar kodin ko wiwi ya ce za ta ɗauke maka damuwa. Haramun ce, damuwar kuma tana nan tana jiranka in ka farfaɗo, ta ƙaru da wata.

Wanda kuwa ya ga ya shafe mako biyu ko fiye ba barci, ba cin abinci, ba ya jin daɗin komai, ko zuciyarsa ta fara raya masa cewa mutuwa ta fi, to kada ya ɓoye. Ya gaya wa mahaifinsa ko yayansa ko limaminsa, a kai shi asibiti ya ga likita. Neman magani sunna ne, ba ya cin karo da tawakkali. Ku kuma abokansa, kada ku bar shi shi kaɗai a ɗaki, ku riƙa zuwa kuna jansa salla da cin abinci.

Akwai kuma waɗanda kowa ke mantawa da su da zarar an kwashe rumfuna: yaron da aka sara a wurin gangami yana kwance a gida ba kuɗin magani, da wanda aka kama yana tsare ba mai belinsa, da matar wanda ya mutu a hatsarin ayarin motoci. Ku 'yan kwamitin samari na masallaci ku bi gida-gida ku rubuta sunayensu, na jam'iyyarku da na waccan, ku kai wa limami a yi musu gudummawa ranar Juma'a.